Ciwon suga da ciwon mantuwa: yadda suke haɗuwa da abin da za ka yi tun da sauran lokaci

Duk wanda aka ce masa yana da ciwon suga, abubuwan da ake fara tsorata shi da su sanannu ne, ido, ƙoda, ƙafa, zuciya. Ka kula kar ido ya tafi, ka kula kar a kai ga wankin ƙoda, ka kula da gyambo kar a yanke ƙafa. Ƙwaƙwalwa kuwa da wuya ka ji an ambace ta, alhali ita ce ma ta fi kowace gaɓa cin suga a jiki, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin mutum ba amma tana lanƙwame wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa kuma kusan duka daga gulukos, wato sugan da ke cikin jini, take samunsa. Toh gaɓar da abincinta kenan, ta yaya za a ce ciwon suga ya bar ta lafiya?

Abin da ya sa na bi diddigin maganar nan wata gwaggona ce. Ta fi shekara goma tana fama da suga, ita ke awon kanta ita ke yi wa kanta allura, lissafinta ya fi na kowa a gidan. Sai kawai lambobin awon suganta suka haukace, yau 300 gobe 60, kowa na cewa ai ta daina kama bakinta ne, har faɗa ake mata. Ashe ba baki bane. Wataran sai ta yi allura sau biyu dan ta manta ta yi ta farko, wataran kuma ba ta yi ba sam amma tana rantsuwa ta yi. An kusa shekara kafin wani ya ce anya kuwa ba kan bane? Wannan shekarar da muka ɓata muna mata faɗa ita ce har yau take ci min rai.

Mataki na farko: ka fara gane abin da ake nufi

Ciwon mantuwa, wanda wasu ke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, ba tsufa bane kawai. Tsoho mai lafiya zai iya manta inda ya ajiye makulli ya tuna daga baya. Mai ciwon mantuwa shi ne wanda tunani, lissafi, magana, gane hanya da tafiyar da al'amuransa na yau da kullum suke lalacewa a hankali har ya kasa riƙe kansa. Kala-kala ne. Wanda ya fi yawa shi ne Alzaima, sunan wani likitan Jamus ne Alois Alzheimer da ya bayyana ciwon a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 na masu ciwon. Mai bi masa shi ne wanda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma wannan na biyun shi ne ya fi ƙawance da suga. A tsofaffi da yawa ma duka biyun ake samu a cakuɗe.

Alaƙar ba jita-jita bace. A 1999 wani babban bincike da aka yi kan tsofaffi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna masu ciwon suga haɗarinsu na kamuwa da ciwon mantuwa ya kusa ninki biyu na marasa shi. Bayan nan an maimaita a ƙasashe da yawa, har da garin Hisayama na Japan, kuma idan aka tattara su gaba ɗaya abin da ke fitowa shi ne ƙarin haɗari na wajen kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne binciken ma'aikatan gwamnati na Landan da ake kira Whitehall II, mutum sama da 10,000 aka bi wajen shekara 30, sakamakon ya fito a 2021: duk shekara 5 da ciwon suga ya riga zuwa a rayuwar mutum, haɗarin mantuwa na ƙaruwa da kashi 24. Wato wanda suga ya kama yana da shekara 50 ba ɗaya yake da wanda ya kama yana da 70 ba. Tsawon zaman da ciwon ya yi a jiki shi ne magana.

Amma dan Allah kar hankalinka ya tashi. Ƙarin haɗari ba hukunci bane, akwai ɗimbin masu suga da suka tsufa da hankalinsu garau har ƙarshe.

Ta ina ɓarnar take shiga? Hanya mafi girma ita ce jijiyoyin jini. Irin yadda suga mai yawa ke cinye ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda, haka yake yi wa na ƙwaƙwalwa, bangonsu ya yi kauri ya ƙage, jini ya daina isa lungu-lungu, sai a riƙa samun 'yan ƙananan toshewa da mutum bai ma san sun faru ba, babu faɗuwa babu karkacewar baki, amma kowanne ya kashe ɗan wuri, yau ɗaya gobe ɗaya har su taru su yi yawa. Da aka duba ƙwaƙwalen masu suga bayan rasuwarsu abin da aka fi gani kenan, tabon toshewar jini, fiye da tarin dattin Alzaima. Hanya ta biyu ita ce insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Ita ma ƙwaƙwalwa tana amfani da insulin, musamman ɓangaren da ke adana sabbin abubuwa da ake kira hifokamfus, kuma a ciwon suga nau'i na 2 jiki kunnen uwar shegu yake yi da insulin. Akwai kuma wani sinadari a jiki da aikinsa narkar da insulin ne, shi ne kuma yake taimakawa wajen share amiloyid, wato furotin mai danƙo da ke taruwa a kan masu Alzaima, masana na ganin idan insulin ya yi yawa a jini sinadarin nan aiki ke masa yawa ya bar shara ta taru. Daga irin wannan tunanin ne wata mai bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, Suzanne de la Monte, ta fito da laƙabin "ciwon suga nau'i na 3" ga Alzaima a 2005. Za ka ga laƙabin yana yawo a intanet sosai, amma ka sani ba sunan ciwo bane da likitoci suka amince da shi, babu wanda za a rubuta wa shi a kati, kuma masu tallan magani sun fi kowa son sa. Hanya ta uku kuma ita ce wadda aka fi rainawa, faɗuwar suga, zan zo kanta.

Mataki na biyu: ka san lambobinka, ka daina zato

In ba ka taɓa awo ba kuma ka haura 35 ko 40, ko kana da ƙiba, ko akwai masu suga a danginku, ko mace ce da suga ya taɓa hau mata lokacin ciki, je ka auna. Awon safe kafin a ci komai idan ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 kana bakin ƙofa. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suganka na wata biyu zuwa uku, 6.5 zuwa sama ciwo ne, 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofa. Sai dai gwajin nan yana iya yaudara ga mai ƙarancin jini, mai sikila, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, ka faɗa wa likita in kana cikinsu.

Kar ka raina bakin ƙofar nan. Wani bincike da aka yi a Siyatil ta Amurka kan tsofaffi sama da 2,000, aka buga a 2013, ya nuna ko a cikin waɗanda ba su da ciwon suga, wanda sugansa ya fi hawa haɗarin mantuwarsa ya fi. Kaga kenan ƙwaƙwalwa ba ta jiran sai likita ya buga maka hatimi.

Ga matashi ko mai matsakaicin shekaru da ba shi da wasu cututtuka, yawanci abin da ake nema shi ne HbA1c ƙasa da 7, kuma a shekarun nan ne ya kamata a dage, dan ɓarnar jijiyoyi a hankali take taruwa. Ga tsoho kuwa lissafin daban ne.

Mataki na uku: ka ji tsoron faɗuwar suga kamar yadda kake tsoron hawansa

Nan ne nake so a tsaya sosai, dan nan ne mutanen kirki masu ƙoƙari suke cutar da kansu ko iyayensu da kyakkyawar niyya. An saba jin suga ya hau shi ne bala'i, dan haka duk lokacin da na'ura ta nuna ƙaramar lamba sai a yi murna. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar suga, abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci, in ya yanke na 'yan mintuna ta fara galabaita, in ya daɗe ƙwayoyinta su mutu. A 2009 an buga wani bincike kan tsofaffi masu suga nau'i na 2 su 16,667 a Kalifoniya, an ga wanda suga ya taɓa faɗo masa har aka kai shi asibiti sau ɗaya haɗarin mantuwarsa ya ƙaru da kashi 26, sau biyu kashi 80, sau uku ko fiye kashi 94. Kuma abin zagaye yake yi, faɗuwar suga na taɓa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar da ta taɓu kuma ita ce ke manta cin abinci ko ta ninka magani, suga ya sake faɗuwa. Abin da ya faru da gwaggona kenan.

Sannan an gwada matse suga da ƙarfin tsiya a ga ko zai kare kai. A binciken ACCORD na Amurka da Kanada, mutum sama da 10,000, an yi ta ƙara wa rabi magani dan HbA1c ya sauka ƙasa da 6. A 2008 dole aka dakatar da wannan ɓangaren dan mace-mace sun fi yawa a cikinsu, kuma da aka gwada tunanin kusan mutum 3,000 daga ciki ba a ga sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka take cewa tsoho mai ƙarfi a nemi ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai cututtuka da yawa ko wanda tunaninsa ya fara rauni ƙasa da 8 ya wadatar, wanda jikinsa ya yi nisa sosai kuma a daina bin lamba, a kare shi daga faɗuwar suga da kuma hawan da zai sa shi ƙishi da yawan fitsari, shikenan.

A aikace ga abin yi. Ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, suga ya faɗi. Ƙasa da 54 abin ya yi tsanani. Alamomin da aka sani su ne rawar jiki, gumi, yunwa, bugun zuciya, amma a tsoho sau da yawa ba sa zuwa, sai dai ka ga ya rikice, yana magana ba kan gado, jiri, faɗa ba dalili, ko barci mai nauyi da rana tsaka, a ce ai tsufa ne. Wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol ma suna ɓoye alamomin. Dan haka duk lokacin da mai suga ya canza maka ba zato, kafin komai ka soki yatsa ka auna. In ya faɗi kuma yana iya haɗiya, ba shi giram 15 na suga mai saurin shiga jini, kamar babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi, ko ƙwayoyin gulukos, ka jira minti 15 ka sake awo, in bai haura 70 ba ka maimaita, in ya haura ya ci abinci. In ya suma kar ka ɗura masa komai a baki zai shaƙe, kwantar da shi a gefe, in akwai allurar gulukagon mai ɗaga suga a yi masa, a nufi asibiti.

Na dare shi ne mugu dan ba mai gani. Wanda ke tashi da jiƙaƙƙen zanin gado, ciwon kai da safe, ko munanan mafarkai, a gwada auna shi wajen ƙarfe biyu ko uku na dare na 'yan kwanaki. Wanda ke da hali, na'urorin da ake mannawa a hannu irin su FreeStyle Libre ko Dexcom suna nuna abin da ke faruwa dare da rana.

Magungunan da suka fi jawo faɗuwar su ne insulin da dangin glibenclamide. Shi glibenclamide musamman ba a son sa ga tsofaffi dan yana daɗewa a jiki, mutum zai iya farfaɗowa ya sake faɗuwa bayan awanni, shi ya sa faɗuwar da ya jawo take buƙatar asibiti ko da an ga kamar an warware. Kuma ƙoda in ta fara rauni magani ya fi daɗewa a jini, adadin da ya yi wa Baba daidai shekara biyar da suka wuce yau zai iya yi masa yawa, balle in ya rame ko cin abincinsa ya ragu. Kar ka rage ko ka daina da kanka. Rubuta ranar da awan da lambar duk faɗuwar da aka samu ka kai wa likita ka ce masa a fili, ina so a duba ko maganin nan bai yi yawa ba.

Mataki na huɗu: hawan jini, kitse a jini, taba

Tunda ta jijiyoyi ɓarnar ta fi shiga, duk abin da ke cin jijiyoyi abokin gaba ne, kuma in ka tambaye ni hawan jini ya kai suga muhimmanci a wannan maganar in ma bai fi ba. Abin da aka fi nema ga mai suga shi ne ƙasa da 130/80 in jiki zai ɗauka ba tare da jiri ko faɗuwa ba. Binciken SPRINT MIND na 2019 ya nuna sauke hawan jini sosai ya rage farkon raunin tunani da kashi 19, sai dai gaskiya babu masu ciwon suga a cikin waɗanda aka gwada, dan haka haske ne kawai yake ba mu. Ka samu na'urar awo a gida, ka zauna ka huta minti biyar kafin ka auna, ka rubuta. Maganin hawan jini ba a daina shi dan an ji sauƙi.

Kolestarol, musamman wanda ake kira LDL, a auna shi, in likita ya rubuta maganin rage shi da ake kira statin a sha. Taba kuwa babu wani zagaye-zagaye, a bari. Giya ma haka, ga ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa kai tsaye ga kuma faɗar da suga cikin dare.

Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsu na 2024 sun lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda suke da hannu a kusan kashi 45 na ciwon mantuwa a duniya, ciwon suga na ciki, hawan jini, LDL, taba, ƙiba, rashin motsa jiki duk suna ciki. Ka lura yawancinsu tare suke tafiya a jikin mutum ɗaya.

Mataki na biyar: jiki, barci, kunne, ido, mutane

Minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, a rarraba, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a sati. Ko tafiyar minti goma bayan cin abinci tana rage hawan suga. Abinci kuma ka riga ka san zancen, rage zaƙi da gari mai laushi, ƙara ganye da wake da kifi da hatsin da ba a cire masa dusa ba. A Finland an gwada haɗa abinci mai kyau, motsa jiki, wasannin kaifafa tunani da kula da hawan jini ga tsofaffi 1,260 na shekara biyu, binciken FINGER kenan na 2015, kuma tunaninsu ya fi na waɗanda aka ba shawara kawai.

Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya je a duba shi, abin ya yi yawa a masu suga. Kunne in ya yi nauyi a nemi na'urar ji, ido a duba shi duk shekara, dan ƙwaƙwalwar da ba ta ji ba ta gani janyewa take yi daga mutane, kaɗaici kuma shi ma yana cikin 14 ɗin nan. Ciwon damuwa ma haka, yana yawan zuwa tare da suga, yana ƙara haɗarin, kuma shi kansa yana iya kwaikwayon mantuwa alhali ana warkewa daga shi.

Mataki na shida: ka iya gane alamun farko

A mai suga alamar farko sau da yawa a cikin kula da sugan take fitowa kafin ko'ina. Mutumin da ya shekara yana tafiyar da abinsa lafiya sai lambobi su rikice ba dalili. Ƙwayoyi su ƙare kafin lokaci, ko wata ya ƙare kwalin na nan cike. Ya manta ko ya ci abinci. Ya kasa daidaita adadin insulin da ya saba. Ya fara tsallake ranar ganin likita. Ya rame. Kafin ka ce Mama ta yi taurin kai, ƙirga ƙwayoyin tukuna.

Sai sauran alamomin: maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ɓata a hanyar da aka sani, rikicewar lissafin kuɗi, neman kalma a rasa, zargin an sace masa abin da shi ya ɓoye, canjin hali. Nau'in jijiyoyin jini kuma ba lallai ya fara da mantuwa ba, sai ka ga mutum ya yi sanyi, tunani a hankali, ya kasa tsara abu mai matakai, tafiyarsa ta canza, kuma lalacewar tana zuwa ne kamar saukar bene, a tsaya a wuri ɗaya na watanni sai a sake gangarawa.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: ruɗewar da ta zo cikin awanni ko kwana ɗaya biyu ba ciwon mantuwa bace, gaggawa ce. Ko suga ya faɗi, ko ya hau sosai jiki ya bushe, ko ciwon sanyin mafitsara ko na huhu, ko shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, a tafi asibiti a lokacin ko da abin ya wuce da kansa bayan 'yan mintuna.

Mataki na bakwai: zuwa wajen likita da shiri

Shawarar masana ita ce duk mai suga da ya kai 65 a riƙa gwada tunaninsa duk shekara, amma sau da yawa sai ka tambaya ake yi. Gwajin ba wuya, akwai Mini-Cog na minti uku, a faɗa maka kalmomi uku ka zana agogo sannan ka maimaito kalmomin, akwai MoCA da MMSE masu ɗan tsawo. Wanda bai yi karatun zamani ba ko ba ya jin yaren gwajin sosai zai iya faɗuwa alhali lafiyarsa ƙalau, dan haka a faɗa wa likita, kuma wanda ke zaune da mara lafiyan ya bi shi, labarinsa ya fi kowane gwaji. Kar a yi gwajin lokacin da suga ya faɗi ko ana cikin zazzaɓi.

Ka kwashi duk magungunan gidan a leda ka tafi da su, har wanda aka saya ba takarda. Ka roƙi a auna bitamin B12, wannan kar ka manta, dan maganin suga na metformin in an daɗe ana sha yana rage shi, kuma ƙarancinsa na kawo mantuwa da dindiris a ƙafa, sai a ɗora wa suga laifi alhali abu ne da allura ko ƙwaya ke gyarawa. Ba cewa nake a bar metformin ba, magani ne mai kyau kuma ba ya cika faɗar da suga. A duba maƙoshi wato tayirod, ƙoda, da yawan jini. A duba magungunan da ke dagula kan tsoho, misali amitriptyline da ake yawan bayarwa dan zafin ƙafar masu suga, oxybutynin na yawan fitsari, da magungunan barci da na mura masu sa gyangyaɗi.

Za ka ji ana ta zancen sabbin magunguna irin su semaglutide wai suna kare ƙwaƙwalwa. An ga alamu masu daɗi a bayanan masu suga da ke shan su, amma da kamfanin Novo Nordisk ya gwada shi kan masu farkon Alzaima, sakamakon da ya fitar a ƙarshen 2025 bai nuna ya rage gudun ciwon ba. In likita ya ba ka shi dan suga ko zuciya ko ƙiba, madalla. Masu sayar da garin magani da ƙwayoyin "wanke ƙwaƙwalwa" a Facebook da WhatsApp kuwa, riƙe kuɗinka.

Mataki na takwas: in mantuwar ta riga ta shigo

Yanzu dokar ta juya, sauƙaƙawa ake nema. Ka zauna da likita a rage yawan lokutan magani, in zai yiwu a mayar da shi sau ɗaya a rana a lokacin da akwai mai sa ido. Mai allura huɗu a rana sau da yawa ana iya mayar da shi kan guda ɗaya mai dogon aiki da safe, a cire masu faɗar da suga in da hali. Mutum ɗaya ne zai riƙe ragamar magani, ba kowa ya ba da nasa ba, in ana karɓa-karɓa a ajiye littafi ko a buɗe guruf a waya duk wanda ya bayar ya rubuta. A sayi akwatin ƙwayoyi mai ranakun sati, sauran kwalayen da insulin a ɗauke su daga inda hannunsa zai kai, dan wanda ya manta ya sha zai sake sha. Mu sai da muka kai ga kulle su, gwaggona ta yi fushi na sati biyu tana cewa mun mayar da ita yarinya, daga baya ta saba.

Cin abinci zai zama rigima, wataran a ƙi ci wataran a ci a manta a sake nema. In ya ƙi ci kar a yi masa allurar insulin ta abinci a zauna jiran tsammani, ka tambayi likita tun kafin ranar ta zo me za a yi in bai ci ba, wasu ana ba su izinin yin allurar bayan an ga abin da ya shiga ciki. In ya ce bai ci ba alhali ya ci kar ka tsaya musu, ba za ka ci nasara ba, ba shi ɗan abu mara nauyi ka ja hankalinsa wani wajen. Tsananin hana abinci a wannan matakin ba shi da riba, rama da bushewar jiki sun fi ɗan hawan suga haɗari. A riƙa miƙa masa ruwa dan ba zai nema ba. A duba ƙafafunsa kullum, tsakanin yatsu da dunduniya, dan ga jijiyoyin da ba sa jin zafi ga kan da ba zai tuna ya faɗa ba. Tuƙi kuma a yi maganarsa da wuri, cikin girmamawa.

Kai mai jinya ma ka auna naka sugan da hawan jininka, in iyayenka ne ai jini ɗaya ne, kuma ka nemi mai karɓarka ko na yini ɗaya a sati. Sannan a rubuta 'yar takarda a saka masa a aljihu ko a ɗaura masa a hannu: sunansa, yana da ciwon suga da mantuwa, magungunan da yake sha, lambar wayar mutum biyu, da layi ɗaya cewa in an same shi a rikice a auna sugansa kafin komai.